Kundin Aiki: Neman Manhajar Rage Yashi-yashi a Hotunan Babban ISO

6 ga Janairu, 2025

Aikin da ke gabana kashi biyu ne: tsabtace tarin hotunan da aka ɗauka cikin ƙarancin haske daga yashi-yashi, wato ɗige-ɗigen da ke watsuwa a hoto kamar yashi, sannan tsayar da manhajar da zan riƙa amfani da ita nan gaba. Hotunan iri uku ne. Akwai na wasan ƙwallon kwando a zauren da fitilunsa ba su taka kara sun karya ba, akwai na masu wasa a kan dandali, sai na tsuntsaye da sassafe kafin rana ta ɗago. Yawancinsu tsakanin ISO 3200 da 12800 suke (ISO shi ne saitin kyamara da ake ɗagawa idan haske ya yi kaɗan), 'yan kaɗan sun kai 25600. Mafi yawa RAW ne, wato ɗanyen fayil yadda kyamara ta ɗauko shi, amma akwai wata tsohuwar folda ta JPEG zalla wadda ba ta da asalin fayil.

Na ware hotunan gwaji, kowanne da abin da nake so ya tona: fuska daga kusa saboda fata da gashin ido, riga mai lamba da ƙaramin rubutu, ƙirjin tsuntsu saboda siraran gashi, sararin sama mai launi ɗaya, da wani hoto da rabinsa inuwa ce baƙa ƙirin. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne kowace manhaja ta sha hotuna iri ɗaya, kuma a kashe duk wani kaifafawa kafin a kwatanta. Hoton da aka ƙara wa kaifi yakan saye ido ko da bai fi ɗan'uwansa komai ba.

9 ga Janairu

Kafin in sauke ko da manhaja ɗaya, na koma kan tushen matsalar, don sanin abin da zan iya nema daga manhaja da abin da ya fi ƙarfinta.

ISO ba shi ke haifar da yashi-yashi ba. Ƙarancin haske ne. Haske yana sauka a kan sensar kyamara, wato farantin da ke ɗaukar hoton, ƙwaya-ƙwaya, kuma saukarsa ba ta da tsari, kamar farkon yayyafi a kan daɓe: nan ɗigo uku, can bakwai, gefe babu ko ɗaya, sai ruwan ya yi ƙarfi sannan ko'ina ya jiƙe daidai. Lissafinsa sananne ne. Idan fiksel, wato ɗigo ɗaya na hoto, ya kama ƙwayoyin haske 100, kai-komon da ake samu tsakaninsa da maƙwabtansa kusan 10 ne, wato kashi 10 cikin 100. Idan ya kama 10,000, kai-komon 100 ne, kashi 1 cikin 100 kacal. Daga ISO 100 zuwa ISO 6400, in dai hasken hoton zai fito iri ɗaya, hasken da ya shiga ya ragu sau 64, tsabtar hoton kuma ta ragu kusan sau 8. Ban da wannan, akwai ɗan abin da wayoyin cikin kyamara ke ƙarawa yayin karanta sensa, wanda ya fi bayyana a inuwa.

Na gwada abin da idona. Hoto biyu, saurin ƙiftawar kyamara ɗaya, buɗewar gilashi ɗaya, ɗaya a ISO 1600, ɗaya a 6400. Na ɗaga hasken na 1600 a kwamfuta har ya yi daidai da ɗayan. A wurare masu haske kusan ba a bambanta su. A inuwa kuwa, na 6400 ne ma ya ɗan fi tsabta. Ke nan mai gudun ɗaga ISO ya bar hoto da duhu bai tsira da komai ba.

Abin da wannan ke nufi ga aikina: bayanin da haske bai kawo ba, babu shi a cikin fayil. Manhaja ko dai ta shafe wurin ya yi sumul, ko ta yi hasashen abin da ya kamata ya kasance a wurin. Duk kwatancen da zan yi, a tsakanin waɗannan biyun zai tsaya.

14 ga Janairu

Na fara da tsofaffin hanyoyi don samun ma'auni.

Lightroom na kamfanin Adobe yana da majanya biyu, wato ma'aunan da ake ja don ƙara ƙarfi ko ragewa, tun da daɗewa, ɗaya na yashi-yashin haske, ɗaya na dabbare-dabbaren launi. Na launin yana zuwa a kan 25 ga fayil na RAW tun kafin ka taɓa komai, kuma aikinsa yana da kyau: jajaye da korayen ɗigon nan da ke watsuwa a inuwa suna tafiya ba tare da hoton ya yi asarar wani abin kirki ba. Ido bai cika kula da ƙananan bayanai na launi ba, shi ya sa ake iya matsa wa wannan ɓangaren. Na hasken ne mai tsada. Duk abin da ka ja, da siraran bayanai kake biya.

Sai darktable, wadda kyauta ce. Ita tana tafe da ma'aunin yashi-yashin kyamarori da yawa, kowane ISO da nasa, sai ta duba fayil ɗinka ta ɗauko wanda ya dace. Hanyoyi biyu take bayarwa. Ɗaya tana raba hoto zuwa matakai, daga manyan siffofi zuwa mafi ƙanƙanta, ka rage kowane mataki yadda kake so. Ɗayar kuma tana neman ƙananan sassa masu kama da juna a cikin hoton ta haɗa matsakaicinsu, dabarar da Buades da Coll da Morel suka wallafa a 2005. Daga irin wannan tunanin ne hanyar da ake kira BM3D ta fito a 2007 daga masu bincike a Tampere ta ƙasar Finland, ta kuma daɗe ita ce ma'aunin da ake gwada sabbin hanyoyi da shi. Neat Image ma a wannan zuriyar ta auna-sannan-ka-rage take: ka nuna mata wuri fili a hoton, bango ko sama, ta karanci yanayin yashin daga nan.

Sakamako a taƙaice: har zuwa ISO 3200, waɗannan sun wadatar, musamman idan mutum ya cire na launi ya bar ɗan na haske. Daga 6400 zuwa sama sai ciniki ya yi tsauri. Ko ka bar yashi, ko gashin tsuntsu ya narke. Amma akwai abu ɗaya da na yaba musu: ba sa ƙara abin da babu. In sun yi ɓarna, ɓarnar sharewa ce, kuma kana ganinta.

18 ga Janairu

Yau na shiga masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, kuma tazarar ba ƙarama ba ce.

Uku na ɗauko. DxO, kamfanin Faransa, ya fito da DeepPRIME a 2020 a cikin PhotoLab 4, sannan a 2021 ya ware shi a manhaja mai zaman kanta, PureRAW. Adobe ya sa Denoise a Lightroom da Camera Raw a Afrilun 2023. Topaz Labs na Amurka ya fito da DeNoise AI, wanda daga baya aka haɗe aikinsa da na kaifafawa da faɗaɗa hoto a cikin Photo AI a 2022.

Dalilin da ya sa na RAW suka yi fice ya cancanci a tsaya a kansa. Fiksel ɗin sensa ba ya ganin launi uku. A yawancin kyamarori an shimfiɗa masa tsarin Bayer, wanda Bryce Bayer na Kodak ya samu haƙƙin mallakarsa a 1976: rabin fiksel kore suke gani, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Don a samu cikakken launi, dole manhaja ta cike wa kowane fiksel launuka biyun da ya rasa daga maƙwabtansa. A tsohon tsari, wannan cikewar ake fara yi, sannan a zo rage yashi. Matsalar ita ce cikewar tana ɗaukar ɗigo ɗaya ta shafa wa na kewaye, sai abin da yake ƙwaya guda ya koma tabo mai faɗi, mai wuyar rabewa da ainihin abin da aka ɗauka. DeepPRIME da Denoise na Adobe suna yin ayyukan biyu a lokaci guda, tun yashin yana ɗanye. Wannan ne ya sa suke buƙatar RAW, ba sa karɓar JPEG.

A hoton ɗan wasa na ISO 12800, saƙar rigar ta fito, ramukan yadin nan ƙanana da a da ban san suna cikin fayil ɗin ba. Inuwar ƙarƙashin haɓa, wadda ta cika da shunayyan tabo, ta koma launin fata. Da a nan aikin ya tsaya, da kowacce na ɗauka na gode.

Don kada suna ya ja ni, na ba wani abokin sana'a fayilolin ya sauya musu suna zuwa A da B da C, ya riƙe takardar a wurinsa.

25 ga Janairu

Wannan makon a kan ƙarya na yi shi, wato wuraren da manhaja ta ƙirƙiro abu ta ajiye kamar kyamara ce ta gani.

Rubutun rigar shi ya fara tona asiri. Lambar babba ce, duka ukun sun fito da ita daidai. Amma ƙasan wuya akwai ƙaramin rubutu da a asalin fayil ba ya karantuwa, tsayinsa bai wuce fiksel goma sha ba. A ta bar shi dishi-dishi yadda yake. B ta ɗan tattaro shi. C kuwa ta zana wasu layuka masu kaifi, masu siffar haruffa, waɗanda ba haruffan kowane harshe ba ne. Daga nesa sai ka rantse rubutu ne. Ka zuƙo, ka ga ƙugiyoyi da sanduna.

Sai fuskokin 'yan kallo da ke can baya, waɗanda gilashin bai mayar da hankali kansu ba. Ya kamata su kasance a narke. A ɗaya daga cikin sakamakon, wasu sun samu ido mai kaifi a fuskar da sauranta duk hazo ne, wani ma bakinsa ya karkace. Mai kallon hoton ba zai ce ga abin da ya dame shi ba, amma zai ji wani abu bai zauna ba.

Tsuntsun ya fi ba ni wahala, don a nan ƙaryar kyakkyawa ce. Inda hasken ya isa, gashin ƙirjin da aka fito da shi gaskiya ne, na gwada shi da wani hoton tsuntsun da na ɗauka a ISO 400 bayan rana ta fito. Amma a gefen inuwa, inda fayil ɗin ba shi da komai sai yashi, B da C sun ci gaba da jan siraran layuka, har wasu suna tafiya ta inda gashin tsuntsu ba ya kwanciya. Haka kuma a ganyayen da ke baya, wasu 'yan lanƙwashe-lanƙwashe sun bayyana a wurin da babu komai.

Daga nan na koma na rage ƙarfin kowacce, na kuma ƙara. Abin da ya fito ya rage wa gasar armashi: duk wadda aka matsa wa har ƙarshe tana ƙirƙira, duk wadda aka sassauta wa tana natsuwa. A, da na ɗauka ita ce mai gaskiya, da na ƙure ta sai ta mayar da fatar fuska sumul babu ramin gashi ko ɗaya. C, da na rage mata ƙarfi na kashe mata ƙarin kaifin da take sawa da kanta, ta bar rubutun nan a dishi-dishinsa. Tazarar da ke tsakanin ƙarfi kaɗan da ƙarfi mai yawa a manhaja guda ta fi tazarar da ke tsakanin manhajojin uku idan an saita su daidai. Bambancinsu na gaske yana kan inda kowacce take ajiye majanyinta tun daga farko, da kuma yadda take ba ka damar ja da baya. Denoise na Adobe, alal misali, a kan 50 yake buɗewa, ni kuwa ga fuska tsakanin 25 da 35 na fi samun abin da nake so.

Ga mai ɗaukar hoton labarai ko na shaida, wannan ba batun ado ba ne. Gasar hotunan labarai ta World Press Photo takan nemi asalin fayil daga waɗanda suka kai matakin ƙarshe don ta gwada shi da abin da aka miƙa. Lambar mota ko rubutun allo da manhaja ta zana da hasashe, ko kotu ko edita ba wanda zai karɓe shi.

28 ga Janairu

Batun na'ura. Waɗannan manhajoji a kan katin zane suke dogara, wato sashen kwamfuta da ke sarrafa hoto. A tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, hoto ɗaya yana cin mintuna, fanka na ta kuka. A ta tebur mai katin zane na daban, daƙiƙoƙi ne. Duk mai shirin saye ya fara gwada ta kyauta a kan na'urarsa da fayilolinsa.

Sai wurin ajiya. A farkon 2025 da na yi wannan gwaji, Denoise yana haifar da sabon fayil na DNG, wani nau'in RAW na Adobe, kusa da na asali, PureRAW ma haka idan DNG ka zaɓa, kuma sabon yakan ninka na asali girma, tunda yanzu kowane fiksel launi uku yake ɗauke da su. Don haka ba za a bi folda gaba ɗaya ba. Sai an tace tukuna, waɗanda suka tsira kaɗai za su shiga.

3 ga Fabrairu

Foldar JPEG. A nan murna ta koma ciki.

Fayil na JPEG ya riga ya sha hannu tun a cikin kyamara. An cike launuka, an rage yashi da saitin kyamarar, an kaifafa, an matse shi zuwa matakai 256 a kowane launi, alhali RAW mai bit 14 yana da 16,384. Sannan matsewar tana yanka hoton murabba'i-murabba'i, fiksel 8 sau 8. Abin da ya rage a inuwa ba yashi ba ne mai tsabta, tabo ne da ya cakuɗe da sawun matsewa. Topaz tana karɓar irin wannan fayil, Neat Image ma haka, da Dfine na Nik Collection, tarin da Google ya saya a 2012, ya mayar kyauta a 2016, DxO kuma ya karɓa a 2017.

An samu gyara, ba laifi, musamman a bango da sararin sama. Amma abin da kyamara ta riga ta share ba ya dawowa, kuma a nan ne jarabar ƙirƙira ta fi ƙarfi, tunda manhaja ba ta da abin kamawa. Na tsaya kan hannu mai sauƙi: a cire tabon launi, a tsabtace baya, a bar mutum yadda yake.

Wani abu da mutane kan rikita: saitin rage yashi na babban ISO da ke cikin kyamara, JPEG yake shafa. Wanda ake kunnawa don doguwar ɗauka kuwa daban ne. Shi kyamara ce ke sake ɗaukar hoto na biyu a rufe, mai tsawon lokaci ɗaya da na farko, ta cire fiksel masu zafi da shi, wato waɗanda ke haskawa da kansu ba tare da haske ba, kuma wannan yana shiga har cikin RAW.

11 ga Fabrairu

Na wanke hotunan gwaji a takarda girman A4, na kuma rage wasu zuwa faɗin fiksel 2000 kamar yadda za su hau intanet. Na baje su a tebur, A da B da C da kuma na tsohuwar hanya.

A ISO 3200, da ƙyar na ware na ƙirƙirarriyar basira daga na darktable. A 6400 sai na matso da fuska. A 12800 da 25600 ne bambancin ya fito fili daga nesa. Tsakanin A da B da C kuwa, bayan an saita su da sauƙi, abokin nawa da ke riƙe da takardar sunayen shi ma sai da ya juya bayan hoton ya duba.

Lissafin ya yarda da ido. Hoton megafiksel 24 faɗinsa 6000 ne. In ka rage shi zuwa 2000, kowane fiksel tara sun narke sun zama ɗaya, yashin kuma ya faɗi da kusan kashi biyu cikin uku ba tare da wata manhaja ba. A4 ma bai buƙaci fiye da fiksel 3500 da 'yan kai ba a tsawonsa. Zuƙowa zuwa kashi 100 a allo yana da amfani wajen kama ƙarya, amma ba shi ne girman da kowa zai ga hoton ba, kuma wanda ya saita ƙarfin manhaja a wannan girman kusan kullum yakan wuce gona da iri.

Abin da ban zata ba shi ne sararin sama. Wanda aka share tas ya fito a takarda da layi-layi, inda launi ke sauka daga mai duhu zuwa mai haske mataki-mataki. Wanda aka bar wa ɗan yashi ya sauka lafiya lau. Ɗan yashin ne ke ɓoye gaɓoɓin. Na fuska ma, wanda ke da saura ya fi kama da mutum. Yanzu idan manhaja ta share da yawa, nakan mayar da ɗan kaɗan a ƙarshe, ko in ɗora tsabtataccen a kan na asali in rage masa kauri.

19 ga Fabrairu

Hoton rabin inuwa ya nuna iyakar kowa. Da na ɗaga inuwar sosai, sai ga siraran layuka a kwance daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan daga karatun sensa yake, kuma da yake yana da tsari, manhaja takan ɗauke shi a matsayin wani abu na cikin hoton. Bayan an share yashin da ke rufe shi, sai ma ya ƙara fitowa. Maganin da na samu shi ne kada a ɗaga inuwar har can. Baƙi ya zauna a baƙinsa.

Wasu hotunan zauren kuma suna da faffaɗan zane mai sauya haske da launi. Wannan ƙiftawar fitilu ce, ba aikin mai rage yashi ba ne ko kaɗan, gyaransa a wurin ɗauka yake.

Na gwada wata hanyar da masu ɗaukar taurari suka daɗe da ita, ga abin da ba ya motsi: a ɗora kyamara a kan ƙafa, a ɗauki hoto iri ɗaya da yawa, a haɗa matsakaicinsu. Hoto 4 suna rage yashi da rabi, 16 suna mayar da shi rubu'i. Babu hasashe a ciki, haske ne na gaske aka tara. Ga ɗan wasa a sama da ƙwallo a hannu kuwa ba ta da amfani.

27 ga Fabrairu

Matsayar da na tsaya a kai zuwa yanzu, kuma ba ingancin hoto kaɗai ya yanke ta ba, tunda a nan sun yi kusa da juna.

Hotunan ISO 3200 zuwa ƙasa ba za su ga ƙirƙirarriyar basira ba, majanyin launi da ɗan na haske sun ishe su. Na RAW daga 6400 zuwa sama, waɗanda suka tsallake tacewa, za su shiga Denoise na Lightroom, don a nan kundin hotunana yake, ba sai na fita na dawo ba. Shi za a fara yi, kafin goge tabo ko ware wani sashe, kaifafawa kuma sai a ƙarshe, a kan abin da aka ɗauka kaɗai ban da baya. Wanda ba ya son biyan kuɗin wata-wata na Lightroom, ko yake gyara a wata manhajar daban, PureRAW za ta yi masa wannan aikin, in dai kyamararsa tana cikin jerin waɗanda DxO ya auna. Foldar JPEG kuma Topaz, da ƙarfi kaɗan, kuma duk hoton da ke da rubutu ko fuskoki a baya sai na zuƙo na gwada shi da na asali kafin ya fita. Asalin fayil ba a goge shi, ko da na JPEG ne, domin waɗannan manhajoji suna sauya ƙirarsu kusan duk shekara.

Saura abu biyu. Akwai foldar wata kyamarar Fujifilm mai tsarin X-Trans, wanda jerin launukansa 6 sau 6 ne maimakon 2 sau 2 na Bayer, don haka sai an sake mata gwajin daga farko, da hoton ganye da ciyawa a ciki. Sannan a wasa na gaba zan bar ISO ya hau har 25600 in ƙara saurin ƙiftawa zuwa 1/1000 na daƙiƙa, in ga ko hannun ɗan wasa da ya tsaya cak cikin yashi ya fi wanda ya ja a hoto mai tsabta, bayan an wanke su biyun a takarda girma ɗaya.